Tseren mota da namun daji: haɗarin da shinge bai gama magancewa ba

A ranar 15 ga Yuni 2025, ana cikin gasar Formula 1 ta Kanada a birnin Montreal, motar Lewis Hamilton ƙirar Ferrari ta take wata ƙaramar dabba da ta fito kan kwalta. Nauyin dabbar bai wuce kilo 5 ba, amma sai da ta fasa ƙasan motar, gudunta ya ragu har ƙarshen tseren, Hamilton ya ƙare a matsayi na 6. Shi dai ya fita lafiya. Akwai direbobin da irin wannan karo ya kai su gadon asibiti, akwai kuma wanda ya kai kushewa.

Karo da dabba a filin tsere tsohuwar matsala ce, kuma har yau ba a rabu da ita ba, duk da kuɗin da ake zubawa wajen tsaron direbobi. Wannan bayani ya duba dalilin da ya sa ƙaramar dabba ke yin babbar ɓarna, da wuraren da abin ya fi faruwa, da matakan da ake ɗauka, da kuma abin da mai tuƙi a kan hanyoyinmu zai ɗauka daga ciki.

Gudu ne ke ba dabba nauyi

Ƙa'idar kimiyyar lissafin motsi ta nuna cewa ƙarfin karo ya dogara da abu biyu: nauyin abin da aka buga, da saurin da aka buge shi. Sai dai ba daidai suke aiki ba. In nauyi ya ninka sau 2, ƙarfin karo ya ninka sau 2. In gudu ne ya ninka sau 2, ƙarfin karo sau 4 yake ninkawa. In gudun ya ninka sau 3, ƙarfin ya zama sau 9. Ke nan zomon da mota ta buga tana gudun kilomita 300 a awa ya yi mata bugu ninki 9 na wanda za ta sha a gudun kilomita 100.

Ga misalai da lissafi. Tsuntsu mai kilo 1 da ya haɗu da hular kwanon direba a gudun kilomita 300 yana ɗauke da ƙarfin buhun siminti mai kilo 50 da ya faɗo daga tsayin mita 7. Dabba mai kilo 4 a gudun kilomita 250 daidai take da wannan buhun in ya faɗo daga kusan mita 20, wato saman bene mai hawa shida. Barewa mai kilo 20 a gudun kilomita 200 kuwa, kamar buhun masara ne mai kilo 100 da aka saki daga sama da mita 30.

Duniyar tsere ta ga shaidar wannan lissafi a 2009 a ƙasar Hungari. Wani ƙaramin ƙarfe mai nauyin ƙasa da kilo 1 ya ɓalle daga motar Rubens Barrichello, ya bugi Felipe Massa a hular kwano, ya fasa masa ƙoƙon kai, sai da aka yi masa tiyata. Ƙarfe ne ba dabba ba, amma yawancin dabbobin da ke tsallaka filin tsere sun fi shi nauyi.

Abu na biyu shi ne lokaci. Motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cin mita 83 a daƙiƙa ɗaya. Ƙwararren direban tsere yana buƙatar kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ƙafarsa ta amsa abin da idonsa ya gani, kuma a wannan ɗan lokaci motar ta riga ta ci mita 17. In dabbar ta ɓullo a bayan kwana ko bayan tudu, sau da yawa direban ba ya ma ganinta sai dai ya ji ƙara.

Abu na uku ƙirar motar ce. Motar Formula 1 da direbanta gaba ɗaya kilo 800 ne ko kusa da haka, kuma tsakaninta da kwalta bai wuce 'yan santimita ba. Iska ce ke danna ta ƙasa ta hanyar fiffiken gaba da na baya da kuma shimfiɗar ƙasanta, shi ya sa take shan kwana da gudun da motar gida ba za ta iya ba. Da zarar fiffike ya karye, wannan dannawa ta ragu nan take, sai motar ta ƙi bin sitiyari. Dabba kan kuma fasa taya, ko ta karya ƙarfen da ke riƙe da ƙafar mota, ko ta toshe ramin da iska ke shiga ta sanyaya birki da inji.

Tsuntsaye

Hatsarin da aka fi tunawa ya faru ne a gasar Beljiyam, a filin Spa-Francorchamps, ranar 19 ga Yuni 1960. Direban Ingila Alan Stacey yana cikin motarsa ƙirar Lotus, ya kauce daga hanya da babban gudu, motar ta kama wuta, ya rasu. Waɗanda suka shaida abin sun ce tsuntsu ne ya buge shi a fuska. A wancan zamani hular kwano ba ta rufe fuska, tabarau kawai direba ke sawa. A tseren nan kuma wani ɗan Ingila, Chris Bristow, shi ma ya rasu a wani hatsarin dabam 'yan mintoci kafin nan.

Masu tseren babur sun fi kowa fuskantar wannan haɗari, domin jikinsu a waje yake. Filin Phillip Island na Ostireliya yana bakin teku, tsuntsayen teku kuma sun mai da shi gida. A 2013 Jorge Lorenzo ya bugi ɗaya lokacin gwajin neman gurbi, gawar tsuntsun ta maƙale a jikin babur ɗinsa, duk da haka ya samu gurbin farko. A 2015 Andrea Iannone na Ducati ya ga tsuntsu a gabansa ana tsakar tsere, ya sunkuyar da kai, tsuntsun ya fasa murfin gaban babur ɗin, shi kuma ya ƙare na 3. A Amurka, Dale Earnhardt ya bugi tsuntsun teku a gasar Daytona 500 ta 1991, gaban motarsa ya lalace.

Barewa

Filin Österreichring na ƙasar Ostiriya yana tsakiyar duwatsu da dazuzzukan lardin Styria. A watan Agusta 1987, lokacin atisayen ranar Juma'a, ɗan Suwidin Stefan Johansson ya hau wani tudu a motarsa ƙirar McLaren da gudun sama da kilomita 200, sai ya tarar da barewa a kan hanya. Ƙafar motar ta gaba ta karye, ta je ta daki shingen ƙarfe. Barewar ta mutu nan take, Johansson ya samu rauni a haƙarƙari, amma ya shiga tseren ranar Lahadi. Da barewar ta matso tsakiyar motar kaɗan, da kansa za ta samu.

Abin da Johansson ya tsallake shi ya samu Cristiano da Matta, ɗan Birazil, zakaran gasar CART ta 2002 kuma tsohon direban Toyota a Formula 1. Ranar 3 ga Agusta 2006 yana gwajin mota a filin Road America da ke jihar Wisconsin, barewa ta tsallako gabansa. Tayar gaba ta dama ta buge ta, ta yi sama, ta faɗo masa a ka. An ɗauke shi a sume da jirgi mai saukar ungulu, likitoci suka yi masa tiyata don cire jinin da ya taru a ƙoƙon kansa. Ya yi makonni a asibiti, kuma bai sake shiga motar tsere ba sai 2008. Barewar Arewacin Amurka ta fi ta Sahel girma nesa ba kusa ba, babba kan haura kilo 60, kuma tana iya tsallake shingen da ya kai tsayin mutum.

Dabbar Montreal

Filin Gilles-Villeneuve yana kan tsibirin Notre-Dame, wanda aka cike a cikin kogin Saint-Laurent domin baje kolin duniya na 1967. Tsawonsa kilomita 4.361, kuma tun 1978 ake gasar Formula 1 a can. Sauran kwanakin shekara wurin shaƙatawa ne mai ciyayi da itatuwa, cike da wata dabba da ake kira marmotte da Faransanci. Dangin kurege ce, ta fi gafiya girma, tana haƙa rami ta zauna a ƙarƙashin ƙasa. Tun da ta ƙasa take bi, shingen waya bai dame ta ba.

Alessandro Nannini ya bugi ɗaya a 1990. A 2007 ɗan Ingila Anthony Davidson yana matsayi na 3 a motar Super Aguri, ƙaramar ƙungiya marar kuɗi, sai ya take ɗaya, fiffiken gabansa ya lalace, ya shiga gyara, ya ƙare na 11. Har ya bar Formula 1 bai samu maki ko ɗaya ba. Wanda ya lashe tseren ranar shi ne Lewis Hamilton, nasararsa ta farko ke nan, shekara 18 kafin shi ma ya gamu da dabbar a wannan fili. A 2018 Romain Grosjean ya fasa hancin motarsa ƙirar Haas a kan wata lokacin atisaye. Masu kula da wurin suna kama dabbobin da tarko su kai su wani wuri kafin gasa, amma kusan kowace shekara sai an ga wata a bakin kwalta.

Kangaru a Bathurst

Filin Mount Panorama da ke garin Bathurst na Ostireliya hanyar jama'a ce da ake rufewa lokacin gasa. Tsawonta kilomita 6.213, tana hawa dutse tana sauka, kuma a miƙaƙƙen sashenta motoci na kusantar kilomita 300 a awa. Gasar Bathurst 1000 zagaye 161 ce. Dutsen mazaunin kangaru ne, dabbar da babban namijinta kan wuce kilo 50, mai tafiya da tsalle, wadda ba a iya sanin inda za ta dira. Jim Richards ya bugi ɗaya a gasar 2004, David Russell ya bugi wata a motar Nissan a 2013, kuma nan tseren Russell ya ƙare.

A 2009 an harbe kangaru fiye da 100 a kewayen dutsen kafin gasa, abin da ya jawo suka mai zafi daga masu kare dabbobi da mazauna garin. Daga baya an fi karkata ga ƙarin shinge da sanya mutane su kore su daga bakin hanya. Gasar awa 12 da ake yi a filin tana farawa ne kafin fitowar rana, daidai lokacin da kangaru ke fita kiwo.

Karnuka da guza

Ba namun daji kaɗai ba ne. A watan Mayu 2008, a gasar GP2 a filin Istanbul na Turkiyya, karnuka biyu marasa gida sun shiga hanya. Bruno Senna, ɗan 'yar'uwar marigayi Ayrton Senna, ya bugi ɗaya, ƙafar motarsa ta gaba ta karye, ya fita daga tseren. A 2020 kare ya sa an dakatar da atisaye a Bahrain. A Singafo kuwa guza ce ke fitowa daga magudanan ruwa: Max Verstappen ya gamu da wata ƙatuwa a 2016, an ga wasu a 2023, a 2024 kuma sai da aka ɗaga jar tuta aka tsayar da atisaye har ma'aikata suka kore ta.

Tseren daji

A tseren rali ba maganar shinge, domin a hanyoyin karkara da dazuzzuka ake yin sa. A tsibirin Corse na Faransa a 1997, zakaran duniya Tommi Mäkinen ya yi karo da saniya, motarsa ta gangara cikin kwazazzabo, shi da mai karanta masa hanya suka fita da rai. A Kenya, gasar Safari da aka fara a 1953, wadda ta koma jerin gasannin duniya a 2021 a yankin Naivasha, tana ratsa makiyayar jakin dawa da raƙumin dawa da ɓauna. Tun shekarun baya manyan ƙungiyoyi ke amfani da jirgi mai saukar ungulu yana bin saman mota, yana sanar da direba ta rediyo abin da ke gabansa, wani lokaci ya sauko ƙasa-ƙasa ya kori garke. Mutanen Agadas da suka ga zamanin da gasar Paris-Dakar ke ratsa Tenere, kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sun san yadda motocin nan ke wucewa ta inda raƙuma da awaki ke kiwo.

Masu zuwa gwada motarsu

Yawancin masu gudu a filayen tsere ba ƙwararru ba ne. A Turai da Amurka ana ware ranaku da kowa zai biya kuɗi ya shiga da motarsa ko babur ɗinsa. Mafi shahara shi ne tsohon filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8 a cikin dajin Eifel, inda barewa da aladen daji da yanyawa ke zaune. A irin waɗannan ranaku masu sa ido a bakin hanya ba su kai na ranar babbar gasa yawa ba, kuma sau da yawa da yamma ake buɗe filin, lokacin da dabbobi ke fitowa. Motar gida ba ta da kejin ƙarfe na ciki, kuma doguwar dabba, in an share mata ƙafafu, kan gilashin gaba take faɗowa. Bayan haka inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere.

Lokutan da haɗari ya fi yawa

Barewa da kangaru da zomo sun fi motsi da asuba da kuma magariba. Wannan ne kuma lokacin da rana ke ƙasa tana dukan idon direba. A Arewacin Amurka watannin Oktoba zuwa Disamba lokacin barbarar barewa ne, sai su riƙa tsallaka hanya ba tare da lura ba. Da dare hasken fitila kan daskarar da dabba ta tsaya cak a tsakiyar kwalta. Ranar farko ta gasa ma tana da nata haɗarin: filin ya yi makonni shiru, dabbobi sun saba da shi, sai ƙarar injuna ta firgita su su ruga ko ta ina. Hatsarin Johansson a ranar atisaye ya faru, na da Matta kuma a ranar gwaji, lokacin da babu taron 'yan kallo da zai kori dabba daga kusa. Dabbobin garke kuma ba su cika tafiya su kaɗai ba, in ɗaya ta tsallaka akwai ta biyu a bayanta.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne hana dabba shiga: dogon shinge da aka binne gindinsa a ƙasa, sare ciyayi a gefen hanya, toshe magudanan ruwa da raga, da zagaye filin kafin a saki motoci. Sai dai kewayen fili kan kai kilomita da yawa, ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe ta isa. Shinge ma yana da nasa aibin, domin dabbar da ta samu shiga ba ta samun mafita, sai ta yi ta gudu a kan kwalta.

Mataki na biyu gargaɗi ne. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci, wadda hedikwatarta ke Paris, da takwararta FIM ta babura, suna da tsarin tutoci da kowane direba ya sani. Tuta rawaya na nufin a rage gudu kuma kada a wuce kowa. Rawaya biyu na nufin a shirya tsayawa. Ja na nufin an dakatar da komai. Akwai motar tsaro da ke shiga gaba ta tara motoci a bayanta, kuma tun 2015 Formula 1 ta ƙara wani tsari da ke tilasta wa kowa rage gudu lokaci ɗaya ba tare da motar ta fito ba.

Mataki na uku kare direba ne in karon ya auku. Tun 2018 motocin Formula 1 suna da wani baka na ƙarfen titaniyam a saman kan direba, ana kiransa halo, wanda ke iya ɗaukar nauyin tan 12. Zai iya kautar da babban abu irin taya ko barewa, amma ƙaramin tsuntsu na iya bi ta tsakaninsa. Gasar IndyCar ta Amurka ta ƙara gilashi mai ƙarfi a gaban direba tun 2020. Mai babur kuwa, hular kwano da rigar fata mai jakar iska kaɗai gare shi.

A kauce ko a buga?

Abin da ake koya wa direbobin tsere shi ne: in ƙaramar dabba ce, a riƙe sitiyari a miƙe, a taka birki in akwai hali, kada a fizge mota. Fizgar sitiyari a babban gudu kan juya mota ta daki bango ko wata motar, kuma ɓarnar hakan ta fi ta dabbar. In babbar dabba ce, a rage gudu iyakar iyawa tun motar tana miƙe, domin kowane kilomita da aka rage yana rage ƙarfin karo sosai, sannan a nufi bayan dabbar, inda ta baro.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin haɗarin kaucewa. A Suwidin akwai gwajin da ake yi wa sabuwar mota, a fizge ta hagu a dawo dama kamar mai kauce wa ƙatuwar barewar arewa. A watan Oktoba 1997 sabuwar Mercedes A-Class ta kife a wannan gwaji a hannun 'yan jaridar mujallar Teknikens Värld. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ta, ya sa mata na'urar da ke daidaita mota in ta fara zamewa, na'urar da daga baya ta zama dole a sababbin motoci a Turai da Amurka. Na'urorin gano dabba kuwa suna da iyaka: a 2017 kamfanin Volvo ya bayyana cewa tsallen kangaru na rikita tasa, domin in dabbar tana sama sai na'urar ta ɗauka tana nesa.

Abin da ya shafi hanyoyinmu

Lissafin nan bai san bambancin filin tsere da hanyar gari ba. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa, direba na yau da kullum kuma kan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ya taka birki. In aka haɗa da nisan da birki ke ci a busasshiyar kwalta, ana buƙatar mita 70 zuwa 80 kafin a tsaya, alhali ƙaramar fitila ba ta haska fiye da mita 50 zuwa 60. Mai irin wannan gudu da dare ba zai iya tsayawa don abin da fitilarsa ta nuna masa ba.

Hanyar Yamai zuwa Dosso tana ratsa yankin Kure, mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma, waɗanda yawansu ya sauka zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990 kafin su farfaɗo, kuma motoci sun sha buge su a wannan hanya. A arewacin Kamaru, hanyar Marwa zuwa Kusuri tana bi ta gefen gandun dajin Waza. A sauran wurare jaki ne da saniya da raƙumi, waɗanda suka ninka barewar da ta kwantar da Cristiano da Matta nauyi sau da yawa. A nan babu mai ɗaga tuta rawaya, babu jirgin da zai ɗauki wanda ya ji rauni cikin mintoci. Abin da ke hannun direba shi ne ya rage gudu da asuba da magariba da kuma duk inda aka san dabbobi na tsallakawa, ya ɗaura bel, in ya ga dabba ɗaya ta wuce ya jira ta biyu.